Mai Katifar da Ta Kasa Kwanciya

In ka shiga layinmu ka tambayi shagon katifa, ba wanda zai nuna maka Baba, duk da shi ya kafa shi tun ana cusa auduga da hannu. Yaya za a nuna maka. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kullum da tef rataye a wuya da garin soso a gira, in tana magana kuwa sai ka ɗauka da mutanen tsallaken titi take. Ni ce ƙanwarta, ni ke kan keken ɗinki ta wajen taga, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi.

Mamarmu ta rasu ina ƙarama, Yaya ce ta raine ni. Baba bai da wanda zai bar mu wurinsa, sai ya riƙa tafiya da mu shago in mun taso makaranta, a nan muka girma tsakanin tarin soso da bandir-bandir na yadi. Yaya tana yarinya ta sha fama da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, wani lokaci gwiwoyinta su kumbura ta kwana biyu ba ta taka ƙasa. Sai a ba ta maganin zazzaɓi ta miƙe, ta koma hawan tarin katifu tana dirowa. Ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Kafin ta gama sakandare ta iya yanka soso da doguwar wuƙa a miƙe sak, ba tare da ta ja layi ba, abin da ni har yau in na gwada sai ya fito kamar ɓera ya gaigaya.

Baba yana da wata aƙida da ya ɗora mu a kai, har muka haddace ta. A wurinsa duk wanda ya kasa barci, laifin shimfiɗa ne. Mai ciwon baya, mai minshari, mai juye-juye, har wanda matarsa ta yi fushi da shi, duk Baba zai ce a kawo masa katifar ya gani. Yaya ta ɗauki aƙidar nan ta ƙara mata gishiri. Ba ta sayar wa kowa katifa sai ya cire takalmi ya kwanta a kai a gabanta, ko wane ne shi. Za ta zagaya shi tana duba inda kafaɗa ta nutse da inda ƙugu ya rataya, ta cusa hannu ƙarƙashin wuyansa, sannan ta gaya masa abin da ya dace da shi, ba abin da ya zo nema ba. Wasu su yi fushi su fita. Yawanci suna dawowa.

A haka ta samu miji. Direban motar da ke kawo mana soso ne, dogo, mai sanyin magana, 'yan layi suna kiransa Sannu-Sannu saboda ko gobara ake yi sai ya gama gaisuwa. Wata rana ya yi kuskuren cewa bayansa na ciwo. Yaya ta sa shi kwanciya a tsakiyar shago ido na ganin ido, ta juya ta amsa wa wata mata, ko da ta waiwayo bawan Allah ya yi barci, ya bar motar a kunne. Ta ce mutumin da zai iya barci cikin hayaniyarta ai ba a barinsa ya tafi.

Ba ta yi aure da wuri ba, cikin ma bai zo da wuri ba. Da ya zo, Yaya ba ta rage komai ba. Tana kan teburin yanka, tana hawa bene inda muke ajiye kaya, tana faɗa da masu kawo yadi. Sai dai da ciki ya fara turowa ta soma cewa in ta miƙe a gado ji take kamar an ɗora mata buhu a ƙirji, sai ta tashi zaune take samun numfashi. Ta faɗa mana ne muna aiki, kamar yadda kwastoma ke kawo ƙorafi, mu kuma muka karɓa kamar yadda muke karɓar na kwastoma.

Baba ya ce filon ne ya kwanta. Ya farke shi, ya ƙara masa auduga, ta kwana biyu lafiya. Da abin ya dawo ya ɗinka na biyu, mai tauri. Ni na ce katifar ce ta yi laushi da yawa ga mai ciki, aka sauya ta. Sannu-Sannu ya ɗauko, ya mayar, ya sake ɗaukowa. Daga nan filo ya zama uku, ya zama huɗu. A ƙarshe Baba ya zauna ya yanka wani soso mai gangara, ya yi masa wurin kafaɗa da wurin ƙugu, ya lulluɓe shi da yadi mai santsi, wallahi aikin ya yi kyau, har wata mata ta gani tana neman a yi mata irinsa. Yaya tana zuwa awo, amma in an tambaye ta ko akwai damuwa sai ta ce babu. A ganinta maganar shimfiɗa ce, kuma wa zai kai maganar shimfiɗa asibiti alhali gidansu ne gidan shimfiɗa? Kumburin ƙafa da haki kuwa, duk matan layi sun tabbatar mata haka ciki yake.

Ranar da abin ya fito fili da hantsi ne. Ta hau bene ɗauko bandir ɗin yadi, na ji shiru, kuma shirun Yaya ba abu ne da aka saba da shi ba. Na leƙa na same ta zaune a tsakiyar matakala, ta dafe bango, tana tari, leɓɓanta sun yi duhu. Ta ɗaga mini hannu alamar kar in tara mata jama'a. Na tara. Sannu-Sannu yana kan hanya da kaya, don haka ni da Baba muka kai ta.

Aka sa mata iska a hanci, aka yi mata allura, ta ɗan dawo hayyacinta. Sai ga likitar zuciya, wata siririyar mata mai gilashi da furfura a goshi. Ta daɗe tana sauraron ƙirjin Yaya, gaba da baya, sannan ta yi tambayar da ban taɓa zaton likita na yi ba.

"Da filo nawa kike barci?"

Kafin Yaya ta buɗe baki Baba ya gyara zama. An zo fagensa. Ya ce huɗu ne, ban da na gangara, kuma duk aikin hannunsa ne. Ya shiga bayanin yadda ya fara da ɗaya, yadda ya riƙa ƙarawa duk bayan 'yan makonni, da irin audugar da ya zaɓa. Likitar ba ta katse shi ba. Ta bar shi ya gama, tana tambayarsa yaushe aka ƙara na biyu, yaushe na uku, shi kuma yana amsawa da jin daɗi. Can ta ce masa ya taimaka mata ƙwarai, domin yanzu ta san lokacin da ruwa ya fara taruwa a huhun 'yarsa da yadda ya riƙa ƙaruwa. Mai irin wannan ciwo in ya miƙe ruwan ke rufe masa numfashi, shi ya sa yake neman tudu. Baba ya dube ta, ya dubi Yaya, ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa.

Aka yi hoton zuciya. Likitar ta zana mana a bayan wata takarda: a cikin zuciya akwai ƙofofi da jini ke bi, suna buɗewa suna rufewa. Ɗaya daga cikin na Yaya ta tsuke, ta ƙandare, kuma ba ta rufewa daidai. Tun wancan ciwon maƙogwaro na yarinta ɓarnar ta faro, tana tafiya a hankali, zuciyar tana jurewa. Da ciki ya zo jini ya ƙaru, ƙofar ta kasa. Da a ce tsukewa ce kawai, da an zura siririyar roba ta jijiya an buɗa ta ba yanka, amma wannan ta wuce nan. Aka gwada magani, ta kwana da yawa a asibiti, ruwan ya ragu ya sake dawowa. Cikin yana wata biyar, an riga an ce mana mace ce, kuma in aka ciro ta a lokacin ba za ta rayu ba. In aka jira ta yi ƙwari, ba tabbas uwar za ta kai.

Likitar ba ta ɓoye komai ba, na kuma gode mata da haka. Ta ce dole a buɗe ƙirji a sauya ƙofar. Yayin aikin za a tsayar da zuciya, inji ya riƙe aikinta da na huhu. Uwa takan jure wannan. Jariri ne ba ko da yaushe ba. Ta ce akwai masu zaɓar a raba su da cikin tukun, don hankalin likitoci ya tsaya kan mutum ɗaya, kuma ba za ta ga laifin duk wanda ya zaɓi haka ba.

Sannu-Sannu, da bai taɓa gaggawar magana ba a rayuwarsa, ranar ya riga kowa. Ya ce shi matarsa yake so, a yi duk abin da zai fitar da ita. Ni ma abin da ke raina ke nan. Yaya ta bar mu muka gama, sannan ta cire robar iskan daga hancinta don maganarta ta fita sosai. Ta tambayi likitar ko ta taɓa yin aikin nan da jariri a ciki. Likitar ta ce ta yi. Ta tambaya ko duka sun fita. Ta ce a'a, ba duka ba. Yaya ta tambaya in likitar ce kwance a nan, wa za ta so ya tsaya mata. Likitar ta ce mutanen nan da za su tsaya wa Yaya su za ta zaɓa, har da likitan mata da zai zauna kusa yana sauraron zuciyar jaririyar daga farko har ƙarshe.

"To mu biyu za mu shiga," in ji Yaya. "Ku yi aikinku, ni da ita za mu yi namu."

Ta mayar da robar hancinta. Mijin ya buɗe baki, ta kama hannunsa ta matse, ya rufe.

Sai maganar irin ƙofar da za a sa. Akwai ta ƙarfe, wadda ba ta lalacewa, amma mai ita zai sha maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwarsa, kuma maganin yana iya cutar da abin da ke ciki. Akwai wadda ake yi da tantanin zuciyar saniya, ba ta buƙatar wannan dogon magani, sai dai takan tsufa, bayan shekara goma da wani abu a sake buɗe ƙirji. Na ce ta ɗauki ta ƙarfe a gama sau ɗaya, ai likitoci sun ce akwai allurar da za a riƙa yi mata a madadin ƙwayar har ta haihu. Ta dube ni irin kallon da take wa mai neman katifar da ba ta dace da shi ba. Ta ce ta ji bayanin allurar da haɗarinta, ita ta saniyar take so, kuma dama tun muna yara nake cewa tana da taurin kai irin na shanu, yanzu magana ta tabbata. Na yi dariya ina goge ido.

Baba kuwa tun ranar tambayar filo bai sake taɓa allura ba. Yana zuwa shago ya zauna a bakin ƙofa, kwastoma ya yi ƙorafin ciwon baya, ya ce masa ya je asibiti. Ana gobe aiki wata nas ta zo tana koya wa Yaya yadda za ta yi tari bayan tiyata. Ta ce ƙashin ƙirji za a raba a ɗaure da waya, don haka duk tari sai ta rungume wani abu mai tauri ta danne wurin, kuma su a nan tawul suke naɗewa. Yaya ta ce tawul a ƙirjin 'yar mai katifa, Allah ya kiyaye. Ta juya ta ce wa Baba tana son ƙarami, mai tauri, wanda bai wuce daga ƙasan wuya zuwa saman ciki ba, kada ya taɓa cikin. Baba ya ce shi ya daina. Ta ce ba roƙonsa take ba, oda ta ba shi. Ya tsaya jim, ya zaro tef daga aljihu, ashe yana tare da shi duk kwanakin nan, ya auna ta. Kafin yamma ya kawo.

Da safe aka tura ta. Tana kan gadon tana ba ni umarni kan wata katifar otal da ba a gama ba, wai kar in yarda yaron da ke taya mu ya yanka, kuma kar in yanka ni ma. Ƙofa ta rufe. Muka zauna kan dogon benci a baranda, ni a tsakiya. Wata mata tana goge ƙasa ta zo ta wuce, ta dawo ta sake wucewa. Sannu-Sannu ya riƙe takalman Yaya a cinya kamar za a sace su. Rana ta ɗaga ta karkata, ba wanda ya yi maganar abinci.

Da likitar ta fito, hular aiki na kanta, ta fara da cewa uwa lafiya, ƙofa ta zauna, zuciya ta tashi da kanta. Baba ya sauke numfashi har sai da bencin ya motsa. Sannan ta ce zuciyar jaririyar ta yi ƙasa sosai lokacin da inji ke aiki, sun ƙara gudun jini ta ɗan farfaɗo, yanzu tana bugawa, amma sai an sa ido. Kwanakin farko ne abin ji.

Yaya ta farka da roba a maƙogwaro, ba halin magana. Abin da ta fara yi shi ne lalubo cikinta da hannun da ke da allurai. Aka kawo na'ura aka ɗora mata, muka ji bugun, siriri, mai sauri. Ta lumshe ido. Amma motsi babu. Yarinyar da kafin aiki ke harbi har rigar uwarta na tsalle ta yi tsit. Likitan mata ya ce magungunan barci ne, a ba ta lokaci, sai dai na lura sau nawa yake dawowa da na'urarsa, kuma na lura ba ya wasa da nas-nas kamar yadda yake yi a sauran gadaje.

Aka cire robar, aka dawo da ita ɗaki. Kwana ɗaya, kwana biyu, shiru. Ni kuwa in na fita baranda sai in yi kukana in wanke fuska in dawo. Yaya ko a jikinta, ko dai haka ta nuna. Tana shan maganinta, tana hura 'yar robar da aka ba ta don buɗe huhu, tana tari tana zagin tarin. In an tambaye ta sai ta ce yarinya ta sha aiki, hutawa take, jinin ubanta ne, ba za ta yi gaggawa ba. Sau ɗaya kawai na shigo ba ta ji ni ba, na same ta ta dafa cikin da hannu biyu tana magana ƙasa-ƙasa, irin muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba. Na koma da baya na ja ƙofa.

Washegari nas ta ce lokacin takawa ya yi. Muka tashe ta, ni a dama, mijinta a hagu yana tura sandar ƙarin ruwa. Muka fita baranda muna ja a hankali, Baba na biye da mu. Mun kusa taga ta ƙarshe sai ta tsaya cak, ta dunƙule, numfashinta ya ɗauke. Na ce shi ke nan, ƙofar ce. Na buɗe baki zan ƙwala wa nas kira, ta fizgo hannuna ta manna a gefen cikinta.

Na ji shi. Ɗaya, mai ƙarfi, sannan wani a bayansa.

"Marar kunya," in ji Yaya, hawaye na bin kumatunta, tana son dariya ɗinki na hana ta. "Sai yanzu?"

Sannu-Sannu ya saki sandar ya zame ya zauna a ƙasa, a tsakiyar baranda, mutane na kewaye shi. Baba ne ya tare sandar kafin ta faɗi.

Cikin ya kai watanninsa, aka haife ta lafiya, 'yar ƙarama mai ƙaton baki. Yanzu ta kusa gama firamare, ta fi uwarta tsawo, kuma duk layin ba wanda ya kai ta surutu. Yaya ta koma teburinta tun yarinyar na goye. Har yau tana sa mutane kwanciya a tsakiyar shago, amma in mutum ya ce mata yana son filo mai tudu don ba ya iya miƙewa, ba ta sayar masa. Sai ta zaunar da shi, ta ja wuyan rigarta kaɗan ta nuna masa saman tabon, ta ce ya je a saurari ƙirjinsa, in ya dawo za su yi ciniki.

Bana ƙofar ta fara gajiya, kamar yadda aka gaya mata tun farko. Haki ya soma dawowa a matakala, wannan karon kuwa da ƙafarta ta je tun kafin kowa ya lura. An sa rana. Shekaranjiya muna rufe shago, yarinyar ta yi gaba da ubanta, na kasa daurewa na tambaye ta ko tana jin tsoro. Ta gama murza kwaɗon, ta ja shi ta tabbatar ya kama.

"Ina ji mana," ta ce. "Amma wancan karon tsoron mutum biyu na ɗauka. Yanzu ni kaɗai zan shiga, ita tana waje tana jirana."